ZAUREN ƊALIBAI: Rijiya da Babbar Mota da Buhun Taki

Da zarar an idar da sallar isha'i aka kau da kwanukan tuwo, a gidaje da yawa na ƙasar nan sai a ga yaro ko yarinya sun jawo fitila, sun buɗe littafi, sun yi tagumi. Malamin fiziks ya ba da tambayoyi biyar, malamin kemistiri ya ba da huɗu, gobe da safe kuma za a karɓi littattafai. Hanyar da ta fi sauƙi a irin wannan hali sananniya ce. Ko dai a jira gari ya waye a ari littafin abokin zama a kwafe kafin a buga ƙararrawa, ko kuwa, kamar yadda ake yi a zamanin yau, a ɗauki hoton tambayar da wayar hannu a nemo amsarta a intanet. Malami ya duba ya sa alamar daidai, yaro ya yi murna, uba ya ga maki ya sa albarka. Haka za a yi ta tafiya lami lafiya, har ranar da aka shiga ɗakin jarrabawa.

A ranar nan babu aboki, babu waya, sai ɗalibi da alƙalaminsa. Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, wadda aka kafa a shekarar 1952, da takwararta ta gida NECO, wadda ta zo a 1999, dukansu a takardar da ake warware lissafi da hannu ba amsar ƙarshe kaɗai suke dubawa ba. Mai duba takarda yakan ba da maki daki-daki: wani kaso ga ƙa'idar da aka rubuta, wani ga yadda aka zuba alƙaluma a cikinta, wani kuma ga amsa tare da ma'auninta. Ɗalibin da ya shekara uku yana kwafar amsa ya saba da ganin inda hanya ta ɓulle, amma bai taɓa bin ta da ƙafarsa ba. Ga shi kuwa duk mai burin karatun likita, ko injiniya, ko haɗa magunguna, tilas ya ratsa ta waɗannan darussa biyu. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Saboda haka a wannan mako zauren zai zauna da wasu tambayoyi irin waɗanda aka saba bayarwa a manyan azuzuwan sakandare, ya bi su sannu a hankali. Don bayani ya zo da sauƙi, sai a ɗauki misalin wani gida a unguwar Sabo ta garin Shagamu, inda Hausawa suka daɗe suna fataucin goro zuwa Arewa. Maigidan falke ne, karatun allo ya yi, bai taɓa zama a ajin boko ba. 'Yarsa kuwa, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa har yake kiranta Uwata, tana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Ba ya iya karanta mata ko layi ɗaya na littafinta. Abin da ya iya shi ne tambayoyi uku waɗanda kowane ɗan kasuwa yakan yi kafin ya ƙulla ciniki: mene ne ake nema, da wane mudu ake awo, kana abin da aka faɗa ya yi kama da gaskiya?

Zurfin rijiya

Tambaya ta farko ta ce an saki dutse daga bakin rijiya, ya taɓa ruwa bayan sakan 3. A nemo zurfin rijiyar, a ɗauki jan da ƙasa ke yi wa abubuwa, wanda ake rubutawa da harafin g, a matsayin 10. Yarinyar ta ga 10, ta ga 3, ta yi 10 sau 3 ta rubuta 30, tana shirin wucewa gaba.

Uban ya ce, "Uwata, me kika samu?"

Ta ce, "Talatin, Baba."

Ya ce, "Talatin na me? Na goro ko na kuɗi? A kasuwa ba a cewa talatin a yi shiru. Faɗa mini tambayar da Hausa tukuna."

Sai da ta zo faɗa da Hausa ta gane ba ta san abin da 10 ɗin nan ke nufi ba. Ma'anarsa ita ce, duk abin da aka saka ya faɗo, cikin kowane sakan guda gudunsa yakan ƙaru da mita 10 a sakan. Ainihin adadin ya kusa 9.8, amma a aji akan cika shi 10 don sauƙin lissafi. Dutsen ya tashi daga tsaye cik, watau gudunsa sifili. Bayan sakan 1 yana gudun mita 10 a sakan, bayan sakan 2 ya kai 20, bayan sakan 3 ya kai 30. Ashe talatin ɗin da ta samo gudun dutsen ne a lokacin da ya taɓa ruwa. Zurfin rijiya kuwa yana nan ba a taɓa shi ba.

To, tun da dutsen ya fara da sifili ya ƙare da 30, kuma ƙaruwar gudun bai ɗaya ce daga farko har ƙarshe, matsakaicin gudunsa 15 ne. Wanda ya yi tafiyar mita 15 a kowane sakan har sakan 3, ya ci mita 45. Zurfin rijiyar ke nan.

Ƙa'idar da ke cikin littafi, s = ½gt², wannan bayani ne aka dunƙule cikin haruffa. Rabin 10 shi ne 5, t² kuma shi ne 3 sau 3, watau 9, sa'an nan 5 sau 9 ya ba da 45. A nan akwai rami wanda ɗalibai da dama ke faɗawa. Ɗan ƙaramin 2 da ke saman t ba ya nufin sau biyu. Yana nufin a yi adadin sau kansa. Wanda ya yi 3 sau 2 zai sami 6, ya sake komawa kan talatin ɗin nan ta wata ɓarauniyar hanya. Ɗalibin da ya bi hanyar matsakaicin gudu kuma ya bi ta ƙa'ida, ya ga sun haɗu a wuri guda, shi ne zai kwanta da kwanciyar rai.

Uban ya ce, "Mita arba'in da biyar gaba nawa ke nan?" Gaba, wadda masu haƙar rijiya ke awo da ita, ta kusa mita 1.8, don haka rijiyar ta yi gaba 25. Ya gyaɗa kai ya ce rijiya ce mai zurfi, amma ya ga irinta a garuruwan da ruwa ke nisa. Da kuskure ya sa ta rubuta 450 ko 4.5, da nan take zai ƙi, domin ya san ba a haƙa rijiya gaba 250 da hannu, ya kuma san dutsen da aka saka cikin rijiya mai gaba biyu da rabi ba ya ba mutum damar ƙirga uku.

Mutumin da ya fara tantance wannan al'amari shi ne Galileyo na ƙasar Italiya, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1642. Ba shi da agogo mai kyau, sai ya riƙa gangarar da ƙwallo a bisa katako mai gangare yana auna lokaci da ɗigar ruwa, ya buga sakamakon a 1638. Ya lura cewa nisan da abu ke ci a jere yana tafiya kamar 1, 3, 5, 7. Haka yake ga dutsen rijiyar nan: mita 5 a sakan na farko, 15 a na biyu, 25 a na uku, jimla 45.

Birkin babbar mota

Tambaya ta biyu ta ce babbar mota tana gudun kilomita 72 a sa'a guda, direba ya taka birki, ta tsaya cikin sakan 5. A nemo yadda gudunta ya riƙa raguwa, da nisan da ta ci kafin ta tsaya. Yarinyar ta ɗauki 72 za ta raba da 5.

Wannan karo tambayar uban ta biyu ce ta yi aiki. Ya ce, "Na ji kin ce sa'a, na kuma ji kin ce sakan. Wa ya taɓa sayen hatsi da tiya ya sayar da gwangwani bai fara sanin gwangwani nawa ke cika tiya ba?"

Gaskiyarsa. Kilomita 72 mita 72,000 ne, sa'a guda kuwa sakan 3,600 ce. In aka raba 72,000 da 3,600 za a sami 20, watau motar tana cin mita 20 a kowane sakan. Yanzu ma'aunai sun zama iri ɗaya, sai lissafi. Gudun ya sauko daga 20 zuwa sifili cikin sakan 5, don haka a kowane sakan yana raguwa da mita 4 a sakan. Matsakaicin gudunta lokacin birki 10 ne, kuma 10 sau 5 ya ba da mita 50, kusan rabin filin ƙwallo. Wanda bai juya ma'auni ba zai sami mita 180, ya rubuta ya ja layi biyu a ƙarƙashi, alhali kuwa ko yaron mota zai gaya masa wannan ba birki ba ne.

Akwai abin lura a cikin tambayar wanda ya wuce maki. A ce motar nan kilomita 36 take yi a sa'a, watau mita 10 a sakan, da irin wannan birki za ta tsaya cikin sakan 2.5, bayan ta ci mita 12.5 kacal. Gudu ya ninka sau biyu, amma nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. Har ila yau, in direba ya yi jinkirin sakan guda tak kafin ƙafarsa ta kai ga birki, a gudun kilomita 72 motar ta riga ta ci mita 20 a banza. Falken, wanda ya sha zama a gaban mota da huhunan goro daga Shagamu zuwa Kano, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce wannan karatu ya kamata a yi shi a tasha.

Kada ɗalibi ya ɗauka yara kaɗai ke tuntuɓe da ma'auni. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mas, bayan ya yi tafiyar fiye da wata tara. Bincike ya nuna cewa wani rukunin injiniyoyi ya ba da alƙalumansa da tsohon ma'aunin Ingilishi, ɗaya rukunin kuma ya karɓe su a kan cewa na mita da kilogiram ne. Kumbon ya kusanci duniyar fiye da kima, aka daina jin ɗuriyarsa.

Sanyin ruwan randa

Tambaya ta uku game da zafi take. Randa tana ɗauke da ruwa kilogiram 20. Giram 200 ya tsattsafo ta jikinta ya bi iska. In aka ɗauka duk zafin da ya tafi da shi daga ruwan randar ya fito, da digiri nawa ruwan zai yi sanyi? An ba da alƙaluma biyu: kilogiram guda na ruwa yana bukatar jul 4,200 kafin zafinsa ya hau ko ya sauka da digiri ɗaya, kuma yana bukatar jul 2,260,000 kafin ya zama tururi. Jul shi ne mudun da ake auna zafi da ƙarfin aiki.

Wannan karo yarinyar ba ta jira an tuna mata ba. Ta mai da giram 200 kilogiram 0.2, ta yi shi sau 2,260,000, ta sami jul 452,000. Zafin da ya fice ke nan. Ruwan randar kuwa yana bukatar 20 sau 4,200, watau jul 84,000, kafin ya sauka da digiri guda. Da ta raba 452,000 da 84,000 sai ta sami digiri 5 da ɗan ɗoriya.

Mahaifiyarta, wadda ke gefe tana jin su, ta ce ai shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi da hunturu, kuma randar Kano ta fi ta Shagamu sanyaya ruwa. Haka ne kuwa, domin busasshiyar iska ta fi kwasar tururi, iska mai laima kuma ta riga ta ƙoshi. A kan wannan ilimi ne Muhammad Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, don adana kayan miya inda babu lantarki. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Abin da ya yi amfani da shi yana nan a littafin fiziks na kowane ɗan aji biyu.

Ƙwaryar masu kemistiri

Da aka juyo kan kemistiri sai yarinyar ta ce abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne wata kalma da ake kira mol. Malami ya ce mol guda na kabon giram 12 ne, mol guda na kalsiyam kuma giram 40. Yaya abu guda zai zama 12 a nan, 40 a can?

Uban ya yi dariya ya ce, "Ƙwaryar goro guda nawa ce?"

Ta ce, "Ɗari, Baba."

Ya ce, "Ƙwaryar marsa da ƙwaryar minu, in an ɗora su a sikeli, nauyinsu ɗaya?"

Ta ce, "A'a, marsa ta fi nauyi."

Ya ce, "To, ba ki ga ƙidayarsu ɗaya ba ce, nauyi ne ya bambanta?"

Babu littafin da zai fi wannan bayani. Mol ƙwarya ce ta masu kemistiri. Sai dai tun da ƙwayoyin zarra ƙanana ne ƙwarai, ƙwaryarsu ba ɗari ba ce, 6.02 × 10²³ ce, watau 602 da sifili 21 a bayansa. Adadin yana ɗauke da sunan Abogadiro, wani masani ɗan Italiya wanda ra'ayinsa na 1811 ya buɗe hanyar ƙidayar. Ƙwayar kalsiyam marsa ce, ta kabon minu. Shi ya sa mol guda na kalsiyam ya fi mol guda na kabon nauyi, ko da yake yawan ƙwayoyinsu ɗaya.

Tambayar kanta ta ce an ƙona giram 25 na tsantsar dutsen farar ƙasa, CaCO₃, har ya rabu. A nemo nauyin ƙonanniyar farar ƙasa da ta rage, da yawan iskar da ta fita. An ba da nauyin ƙwayoyi: kalsiyam 40, kabon 12, oksijin 16.

Matakin farko shi ne a rubuta abin da ya faru: CaCO₃ → CaO + CO₂. Sai a ƙirga ƙwayoyi a hagu da dama na kibiyar. Kalsiyam ɗaya a nan ɗaya a can, kabon haka, oksijin uku a hagu, ɗaya da biyu a dama. Sikeli ya daidaita. Mataki na biyu a haɗa nauyi. Dutsen: 40 da 12 da 16 sau uku, jimla 100. Ƙonanniyar farar ƙasa: 40 da 16, jimla 56. Iskar: 12 da 16 sau biyu, jimla 44. Watau mol guda na dutse, giram 100, yakan ba da giram 56 na gari da giram 44 na iska. Amma giram 25 aka ƙona, rubu'in mol ke nan, don haka komai sai a raba shi huɗu. Gari ya zama giram 14. Mol guda na kowace iska yakan cika lita 22.4 a sanyin digiri sifili da matsin iska na yau da kullum, rubu'insa kuwa lita 5.6.

Uban ya ce, "Tsaya, Uwata. Kin zuba ashirin da biyar, kin kwashe goma sha huɗu. Ina sauran dukiyar mutane?"

Ta raba 44 gida huɗu ta sami 11, ta haɗa da 14, sai ga 25 cif. Ta ce, "Sha ɗayan iska ta tafi da shi, Baba." Ya ce yanzu ya yarda, tun da an san inda kowane kwabo ya shiga.

Abin da falken ya nema shi ne dokar da Labuwaziye na Faransa ya bayyana a littafinsa na 1789, cewa a cikin haɗuwa da rabuwar sinadarai babu abin da ke ɓacewa, babu kuma abin da ke fitowa daga babu. Duk ɗalibin da ya gama lissafin kemistiri ya kamata ya haɗa nauyin abin da ya shiga da na abin da ya fito, ya gani ko sun yi daidai. Wannan ƙonawa kuwa ita ce ake yi dare da rana a masana'antun siminti na Ewekoro da Obajana da Ashaka da Sakkwato, sai dai can da tan ake magana. Kowane tan 100 na tsantsar dutsen da aka ƙona yana sakin tan 44 na iskar kabon zuwa sama, ita ce kuma iskar da ta fi kowace hannu a ɗumamar duniya da ake fama da ita.

Abin da ke cikin buhun taki

Tambaya ta ƙarshe gajera ce: a nemo kashi nawa cikin 100 na takin yuriya, CO(NH₂)₂, ne naitirojin. An ba da naitirojin 14, haidirojin 1.

Ramin da ke nan shi ne ɗan ƙaramin 2 da ke wajen baka biyu. Aikinsa ya ninka duk abin da ke ciki. A cikin bakan akwai naitirojin guda, 14, da haidirojin biyu, 2, jimla 16. Sau biyu ya zama 32. A ƙara kabon 12 da oksijin 16, nauyin yuriya duka ya zama 60. Naitirojin a ciki guda biyu ne, watau 28. In aka raba 28 da 60 aka yi sau 100, za a sami 46.7. Wanda ya manta da ɗan 2 ɗin nan wajen ƙirga naitirojin zai sami rabin wannan, ya kuma tafi da kuskurensa bai sani ba.

Amma zai iya sani, in ya taɓa duban buhun taki. A jikin buhun yuriya akan rubuta 46, kuma wannan lissafi ne ya haifi lambar. Buhu mai kilogiram 50 yana ɗauke da kusan kilogiram 23 na naitirojin. Takin amoniyam salfet, in aka bi shi ta wannan hanya, 28 ne cikin 132, watau kashi 21, don haka buhunsa yana da kusan kilogiram 10.5. Takin da aka rubuta wa 15-15-15 kuwa kilogiram 7.5 na naitirojin gare shi a buhu, ko da yake yana tafe da wasu abincin shuka biyu waɗanda yuriya ba ta da su. Falken yana da gonar masara a garinsu wadda ƙanensa ke nomawa, kowace shekara kuma shi ke aika kuɗin taki. A daren nan ya gane cewa arhar buhu ba ta nuna arhar taki, sai an san abin da ke ciki. Ya ce ta rubuta masa alƙaluman a wata takarda dabam, ya naɗe ya sa a aljihu.

Abin da ya rage ga kowa

Mai karatu zai lura cewa a duk tambayoyin nan biyar, lissafin kansa bai wuce na firamare ba: tarawa, ninkawa, rabawa. Wahalar tana zuwa ne kafin a fara lissafi da kuma bayan an gama. Kafin a fara, wajibi ne ɗalibi ya iya faɗin tambayar da harshen da yake tunani da shi, ya jera abin da aka ba shi kowanne da ma'auninsa, ya rubuta abin da ake nema, ya mai da ma'aunai iri ɗaya. Bayan an gama, wajibi ne ya ɗora amsar a kan abin da ya sani na duniya, ya tambayi kansa ko rijiya, ko mota, ko randa za su iya yin abin da alƙalaminsa ya ce sun yi.

Ga iyaye, rashin karatun boko ba uzuri ba ne na barin yaro shi kaɗai da fitila. Uwar da ta ce wa ɗanta ya faɗa mata tambayar da Hausa ta yi masa rabin aikin, domin abin da mutum bai iya faɗa da harshensa ba, bai fahimce shi ba tukuna. Ga malamai, ya kyautu a riƙa ba da maki ga hanya ko da amsa ta kauce, a kuma hana maki ga amsar da ta sauko daga sama babu tsani. Tambaya uku da aka duba da kyau aka mayar wa yaro da gyara sun fi ashirin da aka bi da jan biro a gurguje. Ga ɗalibai kuwa, waya da intanet ba abokan gaba ba ne, in an san lokacinsu. A fara gwadawa da kai, a yi kuskure, a sake, sa'an nan a duba a gani ko an dace. Wanda ya fara da dubawa ya hana kansa kuskuren da zai koya masa. Jarrabawa tana nan tafe ga kowa a ranarta, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga guzuri guda biyu na wannan mako. Na farko, mangwaro ya faɗo daga reshe mai tsayin mita 5. Sakan nawa zai yi kafin ya taɓa ƙasa, kuma da wane gudu zai taɓa ta? Na biyu, giram nawa na naitirojin ke cikin giram 66 na amoniyam salfet? A warware su a takarda, a nuna kowane mataki, a kuma karanta wa wani babba a gida da Hausa kafin a rufe littafi. Amsoshin za su zo a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.